Kifin roba mai waƙa: tambayoyi da amsoshi kan kayan da ake buƙata in za a canza masa murya da motsi

Salamu alaikum jama'a. Tunda yaranmu masu koyon haɗa kayan lantarki suka fara cin karo da kifin nan tambayoyi iri ɗaya ake ta yi min, wani ya zo shago wani ya tare ni a hanya, toh ga su nan na haɗa su waje ɗaya da amsoshinsu. Abin da nake so kowa ya riƙe tun yanzu shine ba rubuta kod ne ke kayar da mutane a aikin nan ba, wuta ce da moto, wanda ya gane waɗannan biyun sauran duk mai sauƙi ne insha Allahu.

Wai wane kifi ne ma ake magana a kai?

Sunansa na asali Big Mouth Billy Bass, kamfanin Gemmy da ke jihar Texas a Amurka ne ya yi shi, ya yi tashe sosai wajen shekarar 2000. Kifin roba ne a manne jikin allo ana rataye shi a bango, in ka danna madanni ko ka gifta ta gabansa sai ya kama waƙa yana kaɗa jela, can kuma ya juyo da kai ya kalle ka yana motsa baki. Bayan ya karɓu wasu kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa shi ya sa zaka ga masu kama da shi da wasu sunaye daban, kuma cikinsu kusan duk tsari ɗaya ne. Maganar canza masa murya ta ƙara bazuwa ne a 2016 lokacin da wani malami a Amurka mai suna Brian Kane ya jona shi da Alexa, manhajar Amazon da ake yi wa magana ta amsa, kifin ya dinga ba da amsa, daga baya a 2018 kamfanin da kansa ya fito da wanda ake haɗawa da Alexa ɗin.

Oga a ina zan same shi a Kano?

Gaskiya sa'a ce, ba kaya bane da ake jerawa a kanta. Ka dinga leƙa masu kayan wasan yara na gwanjo, bangaren Ƙofar Wambai da cikin Sabon Gari, ka nuna musu hotonsa a wayarka ka ce in ya faɗo a dila su ajiye maka. In kana da wani a waje kuma ana samun na hannu a eBay, sai dai kuɗin kawo shi yakan fi kuɗin kifin.

Kuma dan Allah kar ka ƙi siya don an ce baya waƙa. Mataccen ma ya fi maka araha tunda fanel ɗin lantarkin da ke cikinsa cirewa zaka yi. Abin dubawa biyu ne, fatar kar ta zama ta tsage a wuya ko gefen baki, sannan ka lanƙwasa kan da jelar a hankali da hannu ka ji suna komawa da kansu.

Me ke cikinsa in na kwance?

Ka juya bayan allon ka kwance sukurorin, amma kafin ka taɓa komai ka ɗau hoto, ka ƙara ɗauka ta wani gefen, kar ka yanke waya ko ɗaya sai hoton ya fito da kalar kowacce. Zaka ga ƙaramin fanel, sifika, madanni, ɗan idon haske a gaba, gidan batir mai cin batir guda 4 masu lamba C wanda in ka haɗa bolt 6 kenan, sai motoci. Tsohon samfuri moto uku gare shi, na baki da na kai da na jela. Na baya-bayan nan biyu ne, ɗaya na baki, ɗayan kuma in ya juya ta nan ya ɗago kai in ya juya ta can ya kaɗa jela. Ka ƙirga naka kafin ka je kasuwa don shi zai gaya maka abin da zaka siya.

Yadda zaka gane wace waya ce ta wane moto, ka samu ƙananan batir biyu na rimot ka haɗa su bolt 3, ka ɗan taɓa wa wayoyin biyu-biyu kana kallon abin da ya motsa, in bai motsa ba ka juya wayoyin. Sai ka naɗa salatif ka rubuta a jiki, baki, kai, jela, da wacce ce fulos (+). Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu, motocin nan ba sa mayar da komai, sifirin ne ke mayarwa. Moto zai ja kai har ƙarshe ya tsaya yana turawa, ana yanke masa wuta sifirin ya dawo da shi.

Ba zan iya goge waƙar da ke fanel ɗinsa in sa tawa ba?

A'a ƙanina. Waƙar tana cikin ayisin, wato ɗan cip ɗin lantarki, da aka rufe da baƙin gam ɗin nan kamar ɗigon kwalta, tun daga kamfani aka ƙona ta a ciki ba ta gogewa. Cire fanel ɗin ka ajiye a leda, kar ka yar.

Toh me da me zan siya?

In kana so kifi ya yi maganar da ka ɗauka da kanka, kana buƙatar Arduino, ɗan fanel ɗin da ake rubuta wa kod ya dinga ba da umarni, Uno ko Nano duk ayisi ɗaya ne ATmega328P, amma Nano ya fi shiga bayan allon. Sai direban moto, fanel ɗin da ke miƙa wa moto wuta bisa umarnin Arduino, DRV8833 ko TB6612FNG ko MX1508. Sai DFPlayer Mini mai kunna sauti da ƙaramin memori. Sai kafasita babba 1000uF mai ɗaukar bolt 16, da ƙanana masu lamba 104 ɗaya ga kowane moto, da rezista 1k da 10k 'yan kaɗan, da wayoyin jampa da biredi bod na gwaji. Sifikar da ke ciki ta isa a fara da ita.

Kayan aiki kuwa mita mai auna bolt ce a gaba da komai, wlh ko ta araha ce ka siya kafin ka siyi Arduino. Sai ƙarfen soda mai wat 30 ko 40, dalma, sukundireba ƙarama, da gam na kyandir. Kar ka tara kaya da yawa tun farko, na ga yara sun kashe kuɗin makarantarsu kan sensa kala-kala alhali ko bakin kifin basu motsa ba tukuna.

Me zai hana in jona moton kai tsaye a ƙafar Arduino?

Zaka kashe ƙafar, wani lokacin ayisin gaba ɗaya. Kowace ƙafa miliam 20 aka yarda ta bayar, 40 shine iyakar da in an wuce an shiga haɗari, shi kuma moton kifin in ya kai ƙarshe ya tsaya yana turawa ɗaruruwan miliam yake ja. Ga kuma wutar da moto ke watsowa baya duk lokacin da aka yanke masa. Arduino umarni kawai yake bayarwa, direba ne ke ɗaukar nauyin.

Mai shago ya ce min L298N ne kowa ke siya, shi zan ɗauka?

Zai yi aiki, amma ba shi nake so ba a wannan aikin. L298N tsohon tsari ne, shi kansa yana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta kai ga moto, kaga in ka ba shi bolt 6 kifin 4 zai gani, sai ka ga kai ya taso rabi ya tsaya kana ta zargin giya alhali yunwa ce. Ga girma, ga ƙaton ƙarfen sanyaya da ke hana murfi rufuwa. DRV8833 yana aiki daga bolt 2.7 zuwa 10.8, ɗan ƙarami ne kuma kusan duk wutar yake miƙawa, moto biyu yake ɗauka, daidai da kifi mai moto biyu. In naka mai uku ne ka sa guda biyu, ko kuma tunda kowane moto ɓangare ɗaya yake juyawa ka yi amfani da MOSFET, wato makunnin lantarki da Arduino ke kunnawa, irin IRLZ44N guda uku, kowanne da diyod 1N4007 a gicciye kan moton. Amma mai moto biyu dole direba, saboda moton jikin sai ya juya gaba da baya.

In L298N ɗin kawai ka samu a gari ba laifi, ka ba shi bolt 7 da rabi zuwa 8 ka auna abin da ke isa moto da mita.

Arduino na yana ta mutuwa yana tashi duk sanda kai ya motsa, me ya faru?

Nan ne asalin aikin, ka nutsu ka karanta. Lokacin da moto zai tashi yana fizgar wuta da ƙarfi, bolt ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, mita ma ba lallai ta nuna maka ba, amma Arduino ya ji kuma ya sake tashi daga farko, DFPlayer ma ya yanke magana. Mutum ya kwana yana canza kod alhali kod lafiyarsa ƙalau.

Na farko, kar ka taɓa ɗebar wa moto wuta daga ƙafar 5V ta Arduino ko daga USB na laftof. Wutar moto ta fito daga tushe kai tsaye zuwa direba da waya mai ɗan kauri, wayoyin jampa ɗin nan na kasuwa wasu cikinsu silin gashi ne kawai. Na biyu, babbar kafasitar nan 1000uF ta zauna daf da ƙafafun wutar direba, ka lura da ƙafar da ke da zanen mainos kar ka juya ta don tana fashewa. Ka ƙara wata kusa da DFPlayer in kana da ita. Na uku, duk mainos ɗin su haɗu, na Arduino da na direba da na DFPlayer, in ba haka ba umarni ba zai tafi daidai ba, kuma ya fi kyau su haɗu a wuri ɗaya kusa da tushen wuta ba a jere wannan ya bi ta kan wancan ba.

Tushen kansa kuma ya zama mai ƙarfi, am 2 ko sama. Hanya mafi sauƙi caja mai kyau ta bolt 5 am 2, ta ciyar da direba da Arduino da DFPlayer kowa da wayarsa, kifin zai ɗan rage kuzari kaɗan amma zai yi. Matsalar ita ce cajojin da aka rubuta 2A a jiki ba duka ke bayarwa ba, ka ɗaga ka ji nauyi, ka gwada wata in abin ya ƙi. In kana son cikakken ƙarfinsa ka samu adafta bolt 9 ko 12 ka sauke da LM2596, ɗan fanel mai rage bolt, zuwa 6 don moto, amma ka saita shi da mita tun kafin ka jona komai, ba bayan ka jona ba. Kuma kar ka ba ƙafar VIN ta Arduino bolt 6 ka ce ya isa, ita daga 7 zuwa 12 take so.

Sai wani gargaɗi, in kifin ya zo da adaftarsa ta Amurka ka karanta jikinta. Wutarsu bolt 120 ce tamu 230, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba kar ka soka ta a bango.

Ina so ya yi aiki ko an ɗauke wuta, batirin caji na lithium 18650 zai yi?

Zai yi, amma da ladabi ake mu'amala da lithium. Kowanne bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. Guda biyu a jere zasu ba ka 8.4, sai ka sauke da LM2596, kuma dole ka sa fanel ɗin kariya na sel biyu wanda ake ce wa BMS 2S. Ɗan fanel ɗin caji TP4056 da ya cika gari na sel ɗaya ne kawai, kar ka yi cajin biyu a jere da shi. Duk 18650 da ka ga an rubuta 9900mAh a jiki ƙarya ne, na gaskiya iyakarsa wajen 3500 ne, sau da yawa wanda aka ciro daga tsohon batirin laftof ya fi shi amana in ka auna ka ga bai faɗi ƙasa da bolt 2.5 ba. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage kar ka kusance shi da gida, balle ɗakin yara a zafin watan Afrilu.

Fawa bank ma yana yi, sai dai da yawansu suna kashe kansu in suka ji ba a jan wuta sosai, kaga in kifi ya yi shiru na ɗan lokaci sai ka sake danna shi.

Ta yaya zan sa masa murya?

DFPlayer Mini ɗan fanel ne da bai fi kan yatsa biyu ba, yana karanta memori har 32GB in an yi masa fomat FAT32, kuma yana da amfilifaya a jikinsa da za ta iya da ƙaramar sifika, sai ka jona sifikar kifin a SPK1 da SPK2 shikenan. Ka buɗe folda mai suna mp3 a memorin, fayilolin ka sa musu 0001.mp3, 0002.mp3 haka haka. Tsakanin TX na Arduino da RX na DFPlayer ka sa rezista 1k, tana rage tsuwwa sosai, gudun maganarsu 9600 ne. Akwai ƙafar BUSY da ke sauka ƙasa in yana magana, da ita Arduino zai san lokacin ɗago kai da lokacin mayarwa.

Na kwaikwayo sun yi yawa a kasuwa kuma ayisin bayansu ba ɗaya bane, wani yana ƙin wasu umarnin, don haka in hali ya yi ka siyi biyu daga wuri daban-daban. Muryar kuma da wayarka ma zaka ɗauka, ka shiga ɗaki ka kashe fanka, sannan ka gyara a manhajar kwamfuta mai suna Audacity, kyauta ce.

Bakin fa, ya za a yi ya bi maganar?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan ake gane wanda ya iya. Hanyar da aka fi bi ita ce Arduino ya dinga sauraron ƙarfin sautin. Ka ɗauko sautin daga ƙafar DAC ta DFPlayer, ka bi da shi ta kafasita 1uF ko 10uF zuwa ƙafar A0 ta Arduino, sannan ka sa rezista 10k biyu, ɗaya daga A0 zuwa bolt 5 ɗaya daga A0 zuwa mainos, don sautin ya zauna a tsakiya tunda ƙafar Arduino ba ta son wutar da ta sauka ƙasa da sifili. Arduino yana karanta 0 zuwa 1023, in shiru ne zaka ga wajen 512, in ana magana lambar ta dinga tsalle sama da ƙasa. Sai ka ce in tsallen ya wuce kaza a buɗe baki, in ya sauka a sake shi. Kar ka ɗauko daga SPK1 ko SPK2, kuma kar ka haɗa ɗayansu da mainos, dukkansu wuta ce a kai zaka ƙona amfilifayar.

In ka yi haka kawai baki zai dinga karkarwa ne ba magana ba. Gyaran shine in ya buɗe ka bar shi kamar milisakan 100 kafin ka sake dubawa, in ya rufe ma ka ba sifirin lokaci ya dawo da shi, daga nan ka yi ta matsa lambobin kana kallo har ya yi maka. Hausa tana da daɗin wannan aikin saboda gaɓoɓinmu a fili suke, baƙi da wasali baƙi da wasali, in mai maganar bai yi sauri ba bakin yana faɗawa daidai har mutum ya tsaya kallo.

Inda wannan hanyar ke gazawa shine in akwai kiɗa ƙarƙashin muryar, Arduino bai san ganga da murya ba, duk abin da ya yi ƙara buɗe baki zai yi. Dabarar ita ce fayil ɗin MP3 gefe biyu gare shi, hagu da dama. A Audacity ka sa cikakken sautin a dama, a hagu kuma ka sa muryar zalla ko ma ɗan ƙara da kai ka jera shi duk inda kake so baki ya buɗe. Daman sai ta tafi wata ƙaramar amfilifaya irin PAM8403 zuwa sifika, hagun ta tafi A0 babu mai jin ta sai Arduino. Aiki ne mai cin lokaci amma sakamakon ba a haɗa shi da na farko.

Kai kuma kar ka bar shi a ɗage da cikakkiyar wuta tsawon magana, tuna moton tsaye yake yana turawa, zafi yake ɗauka. Ka ba shi cikakken ƙarfi ya ɗago, sannan ka rage da PWM, wato rage ƙarfin wutar moto ta cikin kod, daga 255 ka yi ta saukowa har ka samu mafi ƙanƙantar lambar da ke riƙe kan bai koma ba. In maganar doguwa ce ka bar shi ya koma ya huta jela ta karɓa.

Ni Bluetooth nake so, in kunna daga wayata

Hanya biyu. Mai sauƙi ka samu fanel ɗin MP3 mai Bluetooth irin wanda masu haɗa sifika ke sakawa, ka ɗau sautinsa ka raba, ɗaya amfilifaya ɗaya A0, sauran duk kamar na sama. Ta biyu ESP32, wani fanel irin Arduino mai Bluetooth a jikinsa, shi kaɗai zai karɓi sautin ya kuma tuƙa direba, sai ka ƙara masa amfilifaya MAX98357A don sifika. Amma ka duba rubutun jikinsa, na asali mai WROOM-32 ne ke karɓar sauti ta Bluetooth, masu C3 da S3 ba sa yi, S2 ma ba shi da Bluetooth kwata-kwata. Kuma ƙafafunsa bolt 3.3 ne, 5 zai lalata su.

Sifika tana zzzz duk sanda moto ya juya

Ka soda kafasita 104 a kan ƙafafun moton biyu, a jikin moton ba can nesa ba. Ka murɗe wayoyin kowane moto su nannaɗe juna, ka nisanta su da wayar sauti. In da fanel ɗin Bluetooth kake kuma tsuwwar ta ƙi tafiya, ɗan B0505S tsakanin wutarsa da ta sauran yana raba su.

In bar idon da ya zo da shi ko in sa sensar motsi PIR?

Idon asalin ba motsi yake gani ba, canjin haske yake ji, inuwarka ce ke tayar da shi. A duhu baya aiki, kuma ana kawo wuta ko ɗaukewa zai iya fara surutu shi kaɗai. Mutane sai su gudu zuwa PIR irin HC-SR501, toh shi kuma ɗumin jiki yake bambancewa da na ɗaki, a Kano lokacin bazara da ɗaki ke kaiwa kusan ɗumin jikin mutum zaka ga ya yi sanyin aiki, da hunturu kuma ya dawo garau. In a shago ne HC-SR04 mai auna nisa ya fi tabbas, ka ce sai mutum ya matso kusa da mita ɗaya. A gida kuwa shawarata ka bar madanni kawai, ba kowane dattijo ne zai ji daɗin abu ya yi masa magana daga bango ba tare da ya nema ba, kuma ka sa makunni da ake kashe shi gaba ɗaya lokacin sallah da dare.

Moto yana ƙara amma ba abin da ke motsi

Galibi 'yar ƙaramar giyar roba da ke kan sandar moton ce ta tsage, tsufa ke sa ta, sandar tana juyawa ita tana tsaye. Ciro ta ka ƙirga haƙoranta ka auna sandar, sannan ka nemi irinta a tsohuwar DVD ko motar wasan yara ko firinta, masu gyaran rediyo da 'yan jari bola akwai su da irin wannan. Sufa gulu ba ya riƙe ta ya daɗe. In naka mai bel ne ka duba ko ya saki. Maiƙo kuma giris na silikon kaɗan, ba baƙin mai ba ba man inji ba, suna cin roba.

Fatar ta fara tsagewa, akwai magani?

Rigakafi dai ya fi. Kar ka rataye shi inda rana ke bugu ko a bangon da ke ɗaukar zafin kwano, da hunturu ka rufe shi da ƙyalle saboda ƙura tana shiga giya, goge shi da tsumma mai ɗan danshi kawai banda fetur banda sipirit. In ta riga ta tsage ka yi faci ta ciki da siririn ƙyalle da gam mai lanƙwasuwa, sufa gulu yana bushewa ya yi tauri sai wurin ya sake karyewa a gefensa.

A ina ake samun kayan a gari, kuma nawa?

Rezista, kafasita, diyod, dalma, mita, adafta, wannan duk Sabon Gari wajen France Road zaka samu. Memori da caja da kebul Farm Centre ko Beirut Road. Arduino da direbobi da DFPlayer akwai masu sai da kayan furojet na ɗalibai, ka tambayi 'yan injiniyarin na BUK ko Poly su nuna maka inda suke siya, in babu a sa a taho maka da shi daga Legas ko ka yi oda a AliExpress ka yi haƙurin jira. Farashi ba zan faɗa ba don dala yake bi, na wannan watan ba na wancan bane. Ka je da lambar kayan a rubuce a takarda, ka karanta jikin ayisin da idonka kafin ka biya. In ka siyi Nano kwamfuta ta ƙi ganinsa kar ka mayar, yawanci manhajar direban CH340 ce baka saka a kwamfutar ba.

Malam me ya dace a sa ya faɗa, akwai abin da ya kamata a kiyaye?

Akwai, kuma ina roƙon kowa ya ji wannan. Kar a sa karatun Alƙur'ani ko hadisi ko kiran sallah a bakin abin wasa, kar a sa muryar wani malami ko basarake ko maƙwabci don a yi dariya, fitina ce da ba ta da amfani kuma cin mutunci ne. Muryar wani ma ko ta abokinka ce ka nemi izininsa. Abubuwan kirki sun ishe mu, sannu da zuwa ga mai shigowa shago, ƙirga ɗaya zuwa goma ga yara, kacici-kacici, karin magana, gajeruwar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da muryar kakar yaran in ta yarda. Wanda kuma zuciyarsa ke da shakka kan ajiye siffar abu mai rai a gida ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi, ilimin moto da sauti ɗin nan zai iya koyonsa a kan wani abin daban.

Zai iya amsa min tambaya da Hausa kamar na Alexa ɗin nan?

Alexa ba ta jin Hausa. Abin da zai yi maka yanzu ba wahala shine ka mayar da kifin sifikar Bluetooth, duk abin da wayarka ta furta bakinsa ya bi. Mai son ya wuce nan sai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da makirfo da data, amma wannan mataki ne na gaba, sai baki da kai sun zauna tukuna.

Yaya ni ɗaliba ce, ina so in yi shi a matsayin furojet amma ban samu kifin ba

Kar ki jira shi ƙanwata. Ki yanka siffar kifi da soso ko kwali mai kauri, ki raba muƙamuƙin ƙasa ki sa masa ɗan moto irin servo SG90, shi waya uku gare shi kuma baya buƙatar direba, kusurwa kawai zaki gaya masa, sai dai shi ma wutarsa daga tushe zaki ɗauko ba daga Arduino ba. Ki bi aikin ɗaya bayan ɗaya, ranar farko baki kawai ya buɗe ya rufe, in ya zauna ki sa DFPlayer ta yi magana ita kaɗai, sannan ki haɗa su, sensa ce ƙarshe. Duk abin da kika ƙara ki auna bolt kafin da bayan ki rubuta a littafi, lambobin nan su malamai zasu tambaye ki ranar difens. In kifin gaske ya faɗo hannunki daga baya abin da zaki canza layin servo ne kawai ki sa na direba, ɓangaren sauti yana nan yadda yake.